Gasar Kacici-kacici a Intanet: Ginin Tambaya da Riƙon Amana

1.0 Gabatarwa

A Ingila da Amurka da Indiya, da wasu ƙasashe da dama, akwai wani rukuni na jama'a waɗanda babbar sha'awarsu ita ce su taru a jefa musu tambayoyi su amsa. Tambayoyin ba su tsaya ga fanni ɗaya ba. Yanzu a tambayi mutum babban birnin wata ƙasa, jim kaɗan a tambaye shi sunan wani ƙashi na jikin ɗan Adam, daga nan a zarce zuwa ga sarakunan da suka shuɗe ko gwanayen ƙwallon ƙafa. Galibin masu wannan sha'awa manya ne masu sana'o'insu. Ba wata jarrabawa su ke shirin ɗauka ba, kuma a mafi yawan lokaci ko anini ba a ba wanda ya ci. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 wannan wasa ya fara ƙaura daga zaure da gidan rediyo zuwa intanet, inda kowa ke amsawa daga ɗakinsa.

Ƙaurar nan ta zo da wata matsala wadda ba a san irinta a da ba. Na'urar da a ke jefa wa mutum tambaya ta cikinta, ita ce kuma ke ɗauke da amsar, kuma babu mai ganinsa in ya leƙa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda masu wasan suka fuskanci matsalar. Za a nuna cewa abubuwa biyu su ne suka riƙe gasar ba ta rushe ba, watau amanar mai amsawa da kuma gwanintar mai gina tambaya. Daɗin daɗawa, za a ga cewa a wajen neman mafita, tambayar zamani ta karkato zuwa ga siffar kacici-kacicin gargajiya wanda Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Sa'ad da gidajen rediyo da makarantun boko suka kawo irin wannan gasa ƙasar Hausa, sai aka raɗa mata suna gasar kacici-kacici. Aron sunan ya yi daidai ta wata fuska, domin a duka biyun akwai mai jefa tambaya, akwai mai amsawa, akwai kuma nasara da faɗuwa. Amma akwai bambanci na asali da ya kamata a lura da shi. A kacici-kacicin gargajiya, amsar abu ce da kowa ya sani. In aka ce wa yaro, "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya," ba ya rasa sanin tsintsiya, domin kullum yana ganinta a tsakar gida. Abin da aka ɓoye masa shi ne hanyar da za ta kai shi gare ta. A gasar makaranta kuwa hanyar a miƙe ta ke, abin da a ke nema shi ne ko mutum ya taɓa jin amsar ya kuma riƙe ta. In aka ce, "A wace shekara aka haɗe kudanci da arewacin Nijeriya?" wanda bai san 1914 ba, ko ya kwana yana tunani ba zai gano ba. Na farkon yana auna lura da kaifin basira, na biyun yana auna hadda.

Turawa suna kiran irin wannan ilmi na tsince-tsince trivia. Kalmar ta samo asali daga Latin, inda ta ke nufin mararrabar hanyoyi uku, watau abin da a ke samu a kan mararraba, wanda kowa ke iya tsinta. A makarantun Turai na zamanin da kuma, da wannan tushe a ke kiran fannoni uku na farko da ɗalibi ke fara koyo, su ne nahawu da manɗiƙi da balaga. Ma'anar da a ke amfani da ita yau ta yaɗu ne daga wajen 1965, sa'ad da wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Columbia ta Amurka, Ed Goodgold da Dan Carlinsky, suka riƙa shirya gasar tambayoyi a kan shirye-shiryen rediyo da finafinan ƙuruciyarsu.

Gwada sani ta hanyar tambaya ba baƙon abu ba ne ga almajirin ƙasar Hausa. A cikin Sahihul Buhari akwai hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai game da wata bishiya da ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi, amsar kuwa ita ce dabino. Haka kuma ɗaya daga cikin Maƙamomin Hariri, waɗanda a ke karantawa a makarantun ilmi, ta ƙunshi tambayoyin fiƙihu 100 masu harshen damo, kowace da kalmar da ke ɗauke da ma'ana biyu. Irin wannan tambaya tana neman hadda da basira gaba ɗaya, kuma za a sake komowa kanta a gaba.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Gasar

Rediyo shi ne ya fara fitar da gasar daga aji ya kai ta gidajen mutane. A shekarar 1938 aka fara wani shiri a Amurka mai suna Information Please, inda masu sauraro ke aiko da tambayoyi don su ƙure wasu masana, wanda tambayarsa ta gagare su a ba shi tukuici. Da talabijin ya zo, sai kuɗin da a ke ci ya hauhawa, kuma a nan ne aka fara samun ɓaraka. A ƙarshen 1956 masu shirin Twenty-One suka umarci wani ɗan gasa, Herb Stempel, ya faɗi da gangan, domin a ɗaukaka Charles Van Doren, wani matashin malami a Jami'ar Columbia, wanda su ke ba shi amsoshi a ɓoye. Van Doren ya ci dala 129,000, ya zama abin koyi ga ɗalibai a faɗin ƙasar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Nuwamba na 1959 ya amsa laifinsa a gaban wani kwamiti na Majalisar Dokokin Amurka, kuma a 1960 aka kafa dokar da ta mai da maguɗi a irin wannan shiri laifi.

Bayan ƙurar ta lafa aka fito da sababbin shirye-shirye. An fara Jeopardy! a Amurka a 1964, wanda a cikinsa a ke karanta bayani, ɗan gasa ya mayar da amsa da sigar tambaya. A Ingila gidan BBC ya fara Mastermind a 1972. Wanda ya ƙago shi, Bill Wright, ya taɓa zama fursunan yaƙi a hannun Jamusawa, kuma daga irin tuhumar da aka yi masa ya ɗauko siffar shirin: baƙar kujera ɗaya, fitila a fuska, da ruwan tambayoyi ba ƙaƙƙautawa. A cikin shekarun 1970 ne kuma gasar ta zama al'ada a mashayun Ingila, inda ƙungiyoyin unguwa ke karawa mako-mako. A Indiya, Neil O'Brien ya shirya gasa ta farko ta kowa da kowa a birnin Kalkata a 1967. A ƙarshen 1979 wasu 'yan jarida biyu a Kanada, Chris Haney da Scott Abbott, suka ƙago wasan Trivial Pursuit mai tambayoyi 6,000 a fannoni shida, wanda a shekarar 1984 kaɗai aka sayar da fiye da miliyan 20 nasa. Shirin Who Wants to Be a Millionaire? ya fito a Ingila a 1998, ya isa Indiya a 2000 a hannun Amitabh Bachchan, ya iso Nijeriya a 2004. Tun daga 2003 kuma a ke gudanar da gasar duniya duk shekara, inda a ke rubuta amsar tambayoyi 240 a fannoni takwas, a rana ɗaya, a ƙasashe masu yawa.

Abin lura a duk waɗannan shi ne akwai ido. Ko a ɗakin shiri, ko a mashaya, ko a zauren gasa, wani yana kallon mai amsawa. Wanda ya nemi yin maguɗi sai ya sami abokin ƙulli, kamar yadda ya faru a Ingila a 2001, inda wani hafsan soja, Charles Ingram, ya amsa tambayar fam miliyan ɗaya, daga baya kotu ta same shi da laifi a 2003 bisa cewa wani daga cikin mahalarta yana yi masa tari a kan amsar da ta ke daidai.

4.0 Ƙaura Zuwa Intanet

Misali mafi dacewa na gasar masu sha'awa a intanet shi ne LearnedLeague, wadda Shayne Bushfield ya fara a 1997 tare da wasu abokan aikinsa a wani ofis a Amurka, yanzu kuma membobinta sun kai dubun dubata. Tsarinta ya cancanci a yi masa bayani filla-filla. Ana yin zango huɗu a shekara, kowane zango yana da ranakun karawa 25. A kowace rana a kan haɗa mutum da abokin karawa ɗaya, a aika wa kowa tambayoyi shida iri ɗaya, a ba shi wunin ranar ya amsa. Tambayoyin suna fitowa daga fannoni 18, tun daga tarihi da kimiyya da lissafi har zuwa abinci da kiɗa da talabijin.

Bayan mutum ya rubuta amsoshinsa, sai ya raba wa tambayoyin shida maki kamar haka: 0, 1, 1, 2, 2, 3. Makin nan ba nasa ba ne, na abokin karawarsa ne in ya amsa daidai. Saboda haka tambayar da ya ke zaton abokin zai faɗi ita zai ɗora wa 3, wadda ya tabbata zai ci kuwa ya ɗora mata 0. Da ya ke a buɗe tarihin kowa ya ke, ana iya ganin fannin da ya fi ƙarfi da wanda ya ke da rauni, sai wasan ya zama kamar dambe, inda sanin hannun abokin karawa ya kan taimaki wanda bai kai shi ƙarfi ba. Ta haka mai amsa huɗu ya kan kayar da mai amsa biyar. An kuma kasa 'yan wasan hawa-hawa, daga rukunin A zuwa E, waɗanda suka yi fice su hau, waɗanda suka gaza su sauka.

Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa ƙaurar sauri. Da aka rufe mashayu a Ingila a watan Maris na shekarar, wani tsohon mai kula da mashaya, Jay Flynn, ya shirya gasa daga gidansa don mutanen garinsu, sai ga shi a wani zama ɗaya fiye da 180,000 suna kallonsa kai tsaye. A wannan shekara ce kuma ƙungiyoyin da suka saba karawa ido da ido suka koma haɗuwa ta hoton bidiyo, kuma da yawansu ba su bari ba bayan annobar ta wuce.

5.0 Matsalar Amana

Hanya ta farko da aka bi don hana leƙe ita ce ƙuntata lokaci. Manhajar HQ Trivia, wadda ta fito a 2017, ta riƙa jefa tambayoyi 12 a lokacin da ta ke aiki, kowace da daƙiƙa goma kacal, waɗanda suka kai ƙarshe su raba kuɗi. A 2018 ta taɓa tara fiye da mutum miliyan biyu a zama ɗaya. Amma ba a daɗe ba wasu suka rubuta manhajojin da ke karanta tambayar su binciko amsa kafin daƙiƙa goman su cika. Inda akwai kuɗi, kuma babu wanda ya san wani, ƙuntata lokaci bai wadatar ba.

LearnedLeague ta bi wata hanya dabam. Ta ba mutum wuni guda shi kaɗai da na'urarsa, abin da ta nema daga gare shi kurum shi ne ya tabbatar, kafin ya aika da amsa, cewa bai duba ko'ina ba kuma bai tambayi kowa ba. A ido wannan ya yi kama da ba kura ajiyar nama. Duk da haka tsarin ya yi shekaru fiye da 25 yana tafiya, kuma ana iya kawo dalilai huɗu. Na farko, babu kuɗin da a ke ci a karawar yau da kullum, don haka wanda ya yi sata ba abin da ya samu sai lambar da shi kansa ya san ta ƙarya ce. Na biyu, ba a shiga sai wani memba ya gabatar da mutum, kamar yadda uwar adashi ba ta karɓar wadda ba a san wanda ya kawo ta ba, kuma kunyar wanda ya tsaya wa mutum takunkumi ce. Na uku, tarihin amsoshin kowa yana nan a rubuce, ɗaruruwan tambayoyi a jere, saboda haka wanda ya kwana jahilin lissafi ya wayi gari gwani zai ja hankali, kuma wanda aka kama ana korarsa. Na huɗu, mai maguɗi hawa ya ke yi, kuma duk hawan da ya yi sai ya tarar da gwanaye na haƙiƙa waɗanda ba zai iya tsayawa da su ba sai da ƙarin maguɗi, ga shi kuma karawar fitar da zakara a gaban masu sa ido a ke yin ta.

Ba a ce babu masu leƙe ba. Abin da a ke cewa shi ne an gina gasar ta yadda leƙen ba ya da riba, kuma mafi yawan 'yan wasa sun gwammace su faɗi da gaskiya.

Amanar ba a kan mai amsawa kaɗai ta ke ba, tana kan mai tambaya ma. Wani marubucin littattafan tsince-tsince, Fred Worth, ya taɓa cusa ƙarya ɗaya da gangan a cikin littafinsa, game da sunan yanka na wani ɗan sandan ciki na wasan talabijin mai suna Columbo, domin ya kama duk wanda ya kwafe shi. Ƙaryar nan ta ɓulla a cikin Trivial Pursuit, sai ya kai ƙara a 1984 yana neman dala miliyan 300. Kotu ta kori ƙarar bisa cewa babu mai mallakar gaskiyar al'amari. Amma kafin nan miliyoyin mutane sun haddace ƙarya a matsayin ilmi. Darasin a fili ya ke: amsar da aka bayar a gasa, mutane kan ɗauke ta kamar yankan wuƙa, don haka wajibi ne mai tambaya ya tantance kafin ya jefa.

6.0 Ginin Tambaya

Abu na biyu da ya riƙe gasar shi ne sauyin da aka samu a ginin tambaya. Ana iya kasa tambayoyin gida uku.

Kashi na farko shi ne tambaya tsirara, irin ta 1914 da aka ambata. Ko a sani ko kada a sani. Wanda bai sani ba babu abin da zai yi sai ya haƙura ko ya leƙa, saboda haka ita ce ta fi jan mutum zuwa ga sata.

Kashi na biyu shi ne tambaya mai hawa-hawa, wadda a ke amfani da ita a gasar makarantu da jami'o'in Amurka. A kan jero alamu daga mafi wuya zuwa mafi sauƙi, wanda ya fara ganewa ya danna ƙararrawa. Alal misali: an haife shi a Kagara a 1911, ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina, ya zama editan Hausa na wata jarida da aka fara a 1939, shi ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Manazarci zai gane Abubakar Imam tun daga alama ta farko, ɗan firamare sai ta ƙarshe. Wannan gini bai yi nisa da na kirari ba, inda maroƙi ke jero siffofi kafin ya kama suna, masu sani kuwa sun riga sun gane wanda a ke nufi.

Kashi na uku shi ne tambaya mai ƙofa biyu, wadda a yau masu sha'awa suka fi daraja ta. A kan gina ta yadda ko wanda bai taɓa jin amsar ba zai iya kaiwa gare ta da tunani. Alal misali: wane kuɗi ne sunansa ya samo asali daga kalmar Turanci ta jan ƙarfe, kuma wata tsohuwar jaridar Hausa ta ce gaskiya ta fi shi? Mai nazarin kalmomin aro zai shigo ta ƙofar farko, mai karatun jarida ta ƙofa ta biyu, su haɗu a kan kwabo. Amsar abu ce sananne, hanyar ce aka karkata. Wannan kuwa ita ce siffar kacici-kacicin gargajiya, kuma ita ce ta tambayoyin Hariri.

Ba za a ce irin wannan gini yana hana na'ura amsawa ba. Tun a watan Fabrairu na 2011 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Watson ta kayar da Brad Rutter da Ken Jennings a shirin Jeopardy!, alhali Jennings shi ne ya ci wasa 74 a jere a 2004. Daga 2022 kuma manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira suka shiga hannun kowa, suna warware mafi yawan tambayoyin nan cikin ƙiftawar ido. Amfanin kyakkyawan gini a wani wuri ya ke. Yana ba mai gaskiya aikin yi. Wanda aka jefa wa tambaya mai ƙofa biyu yana iya yin wuni yana juya ta, a kasuwa da wurin aiki, har amsar ta faɗo masa, kuma daɗin wannan faɗowa shi ne abin da ya kawo shi wasan tun farko. In ya leƙa, kansa ya cuta.

7.0 Kammalawa

An ga yadda gasar tambayoyi ta taso daga rediyo da talabijin da mashaya, inda ido ke tsaron gaskiya, ta koma intanet inda babu ido. An kuma ga cewa ta rayu a can ne saboda an raba ta da kuɗi, an ɗora ta a kan sanayya da kunya, an kuma kyautata ginin tambayoyinta.

Akwai abin da malaman Hausa da masu shirye-shiryen rediyo za su ɗauka a nan. Da yawa daga cikin tambayoyin da a ke jefa wa ɗalibai a gasar makarantu na kashi na farko ne, shekara kaza da sunan wane, ga shi kuwa wayar hannu ta riga ta shiga aljihun yara. Harshen yana da kayan aikin da za a gina waɗanda suka fi su: siffantawa irin ta kacici-kacici, jeren alamu irin na kirari, da harshen damo irin na malamai. Al'adar ma ta tanadi ladabin faɗuwa. Yaron da kacici-kacici ya gagara ba ya zagayawa ya tambayo yayarsa. Ya kan ce, "Na ba ki gari," ya miƙa Zariya ko Katsina, in kaka ta ƙi ya ƙara da Kano, sa'an nan a faɗa masa amsar, ya riƙe ta don gobe.